Tukunyar Azumi ta Gidan Persa

A ƙarshen layinmu, inda kwalta ta ƙare gonakin masara suka fara, akwai gidaje biyu da dangar katako ɗaya ta raba. Na hagu gidan Persa ne. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yar cocinmu ce ta Otodoks, kuma tana zaune da jikarta Zorka, yarinya 'yar shekara tara wadda iyayenta suke aiki a Jamus, ba sa zuwa sai lokacin zafi. Na dama gidan Marga ne da mijinta Bartul. Su Katolika ne, 'ya'yansu maza biyu sun yi aure sun koma birnin Sombor.

Kowane gida da abin da ya rasa. Rijiyar Persa ta lalace tun shekarar ambaliya, ruwanta ko akuya ba ta sha. Tanderun Marga kuwa ya rufta, Bartul yana ta alkawarin gyara shi har gashin kansa ya yi fari. Don haka aka yanka wata 'yar ƙofa a jikin dangar. Bokiti ya wuce ta nan da safe, ƙullun burodi ya dawo ta nan ranar Asabar. Zorka ma ta nan take bi. Yatsun kakarta sun ƙage da sanyin ƙashi, ba sa iya kitso, saboda haka kowace safiya sai ta zauna a 'yar kujera tsakanin gwiwoyin Marga, a taje mata kai, a raba shi biyu, a ɗaure da jan zare. Marga ba ta taɓa haihuwar mace ba. Tana kitson tana ba yarinyar labarin kajinta da na mutanen layi, kuma ba ta cika bambanta su ba.

Kirsimetinsu yana riga namu da kusan mako biyu, wannan kuwa ya ishi tsofaffin nan biyu abin tsokana na shekara guda. Marga takan ce ku dai kullum a makare kuke, sai Yaron ya fara rarrafe sannan labari ya iso muku. Persa ta ce gara mu, ku da gaggawarku bakwaini kuke haifar shi. Amma ranar bikin Katolika ba a shanya wanki ko faskare a gidan Persa, ranar namu bikin kuma Bartul yakan ajiye gudumarsa, abin da dama ba ya yi masa wuya.

Persa mace ce mai gaskiya, sai dai ba ta da sauƙi a kan azumi. Kwana arba'in kafin Kirsimeti ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba kitse, kuma a wajenta ba mutum kaɗai ke azumi ba, har kwanuka. Tana da manyan tukwanen ƙasa biyu a ɗakin ajiya, girmansu ɗaya, hannu ɗaya ya gina su. Ta nama ta yi baƙi ƙirin, bakinta ya ɓantare. Ta azumi tana nan jawur da ƙyallinta, domin ba a cika sauko da ita ba, kuma tun tana hannun surukar Persa maiƙon dabba bai taɓa shiga cikinta ba. A cikinta take dafa waken da ake kaiwa harabar coci ranar jajiberen Kirsimeti, kowa ya ci hankalinsa kwance. Duk layin an san ta taɓa daina magana da facalarta saboda ludayi ɗaya da aka tsoma a romon kaza aka mayar cikin miyar azumi. Facalar ta rasu ba su shirya ba. Zorka ta ji labarin ba sau ɗaya ba.

Ana gobe Kirsimetin Katolika, Persa ta hau motar safe zuwa Sombor sayen busasshen kifi da kyandir. Ba ta daɗe da fita ba sai ga Marga ta 'yar ƙofar, fulawa har gwiwar hannu, tana haki. 'Ya'yanta za su zo da matansu da yara, ta naɗe sarma, wato niƙaƙƙen nama cikin ganyen kabeji, himili guda, babbar tukunyarta kuma ta tsage ana ɗora ta a wuta. Ta ce Zorka ta ara mata ta kakarta, ai ta saba ara.

Zorka ta shiga ɗakin ajiya ta taka kujera. Ta dubi baƙar tukunyar da ɓantararren bakinta, ta tuna surukan Marga, 'yan birni masu jan farce, waɗanda za su gan ta a tsakiyar tebur su tambayi daga wane gida aka aro wannan. Kunya ta kama ta. Ba wai ba ta san akwai ta azumi ba. Ta sani, irin sanin da yara ke yi wa dokokin manya, amma a wannan lokacin abin da ya zo mata kawai shi ne kakarta ta sha gaya mata cewa idan za ki ba maƙwabci abu, ki ba shi mai kyau. Ta rungumo jar, ta sa a kwandon Marga, ta rufe da tsumma saboda dusar ƙanƙara. Marga ta sumbace ta a goshi ta fita da sauri. Idonta ya yi rauni, tabarau kuma tana jin kunyar sa shi. A can gida Bartul ne ya jera sarmar a ciki, ƙyafaffen haƙarƙarin alade a ƙasa, wani a sama, ya tura cikin murhu. Shi kuwa a wajensa tukunya tukunya ce.

Da Persa ta dawo, Zorka ta ce Teta Marga, wato Goggo Marga, ta ari tukunya. Persa ta ce madalla, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa.

Bayan biki Bartul ya miƙo wa Zorka tukunyar ta kan danga, an wanke ta tas, an cika ta da busasshen tuffa, tunda ba a mayar da kwano wayam. Ta kai ɗakin ajiya tana juye tuffan a buhu, sai ta ji suna ƙamshin hayaƙi. Ta sa kanta cikin tukunyar ta shaƙa. Nan take ta tuna labarin ludayi.

Gidana yana kallon nasu, kuma a shekarar ni nake koyar da ajinsu. Ranar da kakarta ta tafi addu'ar yamma, sai ga ta a ƙofata da kwando, ta ce, "Malama, ƙasa tana mantuwa?"

Ban gane ba sai da ta ɗaga tsumman. Na gaya mata gaskiya, cewa tukunyar ƙasa tana shan abin da aka dafa a cikinta kamar yadda burodi ke shan miya. Duk da haka muka tafasa ta da ruwan toka, muka zubar, muka sake. Da ta huce ba ka jin komai. Zorka ta yi murna, amma na ce mata a sanyaye ne ta yi shiru, ban san me za ta ce ba idan ta ji wuta, kuma gara kakarta ta ji daga bakin jikarta. Ta mayar da tukunyar cikin kwandon. Ta ce ita kam za a yi mata faɗa a wuce wurin, domin ita yarinya ce, kuma Kaka ba ta da kowa sai ita.

"Amma Teta ba jininta ba ce," in ji ta. "Za ta rufe ƙofar."

Na ce wataƙila ba za ta rufe ba. Ta dube ni kamar yadda yara ke duban babba idan ya faɗi abin da shi ma bai tabbata ba, ta ɗauki kwandonta ta tsallaka titi.

Kwanakin da suka biyo ta ci gaba da zuwa kitso, sai dai ta daina dariyar labarin kaji. Marga ta taɓa mata goshi ta ce ko zazzaɓi ne, ko kuwa waken kakarta ne ya fara fita ta kunnenta. Sau biyu ta buɗe baki za ta gaya wa Persa, sau biyun ta ƙare da tambayar ko a ƙara itace a murhu.

Jajiberen Kirsimetinmu ya zo daidai da bikin da Katolika ke yi na masanan nan da suka bi tauraro. Suna fitowa daga coci Bartul ya kawo dami na karan alkama da rassan badnyak, itacen da muke ƙonawa a coci daren jajibere, masu busasshen ganye, ya jingine su a bakin ƙofar Persa, tunda gidan ba namiji. Marga ta shigo da wuƙarta, ta ɗaura ƙyallen girki ta zauna yankan albasa kamar kowace shekara. An jiƙa waken tun jiya, an tafasa shi da sassafe. Persa ta sauko da jar tukunyar da kanta, ta shafa ta da tafin hannu, ta jera wake, albasa, wake, albasa, ta zuba mai da jan barkono, ta tura cikin murhu. Zorka ta shige ƙarƙashin tebur tana shimfiɗa karan alkama kamar yadda al'adar ranar take, ba ta son fitowa.

Tsofaffin suna ta hirarsu. Marga tana ba da labarin surukarta da ta zo da takalmi mai tsini cikin ƙanƙara har sai da aka goya ta daga mota. Persa tana dariya tana murza ƙullun burodin biki da gefen hannu.

Kyanwar gidan ce ta fara ji. Tun da aka shiga azumi ta yi fushi da ɗakin girkin nan, ta koma zaman ƙofar Bartul. Yanzu sai ga ta ta shigo, jela a sama, ta zauna a gaban murhu ta zuba masa ido. Persa ta dube ta. Ta ɗaga hanci. Ta goge hannu, ta buɗe murhun, tururi ya bugi fuskarta, ƙamshin ƙyafaffen nama ya cika ɗakin.

"Marga," in ji ta, "wace tukunya kika ɗauka?"

"Wadda kika saba ba ni mana."

Persa ta shiga ɗakin ajiya ta fito da baƙar, ta ajiye a kan tebur, ta ja yatsa a cikinta ta nuna ƙura. Marga ta lalubo tabarau daga aljihu ta sa. Ta dubi wannan, ta dubi waccan, wuƙar ta faɗi daga hannunta. Ta ce Allah ya sani ba ta duba ba, a rufe aka ba ta, Bartul ne ya zuba, da ta gani da ko kusa da wuta ba za ta kai ta ba.

"Ina za ki duba?" in ji Persa, kuma ba muryar tsokana ba ce. "Ku ai komai ɗaya ne a wajenku. Mutanen da azuminsu yini guda ne, shi ma da kifi a baki, me suka sani? Addinin sauƙi kuka samu, shi ya sa ba ku san darajar na wani ba."

Marga ta miƙe tsaye. Ta kwance ƙyallen girkin, ta ninke shi, ta ɗora a bayan kujera.

"Tun kafin a haifi uban yarinyar nan," in ji ta, "nake wanke wuƙata da toka kafin in taɓa albasarki."

Ta fita. Persa ta bi bayanta har danga. Sakatar 'yar ƙofar ta yi tsatsa don ba wanda ya taɓa jan ta, sai da ta ɗauki dutse ta buga sannan sakatar ta shige, ƙofar ta kullu. Zorka ta ji bugun daga ƙarƙashin tebur.

Da Persa ta dawo ta same ta a tsaye, karan alkama a gashinta.

"Kaka, ni na zaɓa. Teta ba ta ma shiga ɗakin ba."

"Kin san ta azumi ce?"

"Na sani."

"To, me ya sa?"

"Baƙar ba ta da kyau. Na ji kunya surukan Teta su ce mu ƙazamai ne. Kuma ke kika ce maƙwabci mai kyau ake ba shi."

Persa ta ja kujera ta zauna. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba Zorka tsoro ke nan. Can ta tambaye ta tun yaushe ta gane, Zorka ta faɗa, har da ruwan tokar gidana. Ta tambaye ta me ya hana ta magana.

"Don kada ki rufe ƙofar."

Persa ta juya ta dubi danga ta taga. Ta fara magana ita kaɗai, kamar yadda masu zaman kaɗaici suke yi. Ta ce duk da haka babbar mace ya kamata ta duba abin da aka ba ta. Ta ce tukunyar da ta wuce hannun mata uku ta tafi ke nan. Ta ce ga wake ya lalace, rana ta yi, ba lokacin jiƙa wani, mutane kuma suna jira, gobe kuma da safe za ta je ta buɗe bakin nan nata ta karɓi Jibin Ubangiji a coci. Da ta kai nan sai ta tsaya. Ta sake faɗin "bakin nan" a hankali, kamar tana ɗanɗana shi.

Ta tashi ta canza kallabi, ta sa kwat ɗinta na zuwa coci. Ta ciro tukunyar daga murhu ta naɗe da tsummoki, ta ce Zorka ta buɗe mata ƙofa. Zorka ta ruga wajen danga.

"Ba ta nan ba," in ji Persa. "Ta nan aron gishiri ake yi."

Ta titi suka bi. Tazarar ba ta da yawa, amma ranar biki ce, layin cike yake da ido. Katolika suna tsaitsaye a ƙofofinsu da kayan coci, namu suna share ƙanƙara, ni ma ina bakin tagata. Kowa ya ga Persa tana takawa a hankali da tukunya mai tururi, kowa kuma ya ji ƙamshin da bai kamata ya fito daga gidanta a ranar ba. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma yi sauri ba. Ta ce Zorka ta ƙwanƙwasa babbar ƙofar Marga.

Bartul ya buɗe ya yi turus. Ƙofar nan sai fada, limamin coci, ko masu kawo labarin mutuwa suke bi. Ya ce, "Wa ya rasu?"

"Kira mini matarka."

Marga ta fito idonta jawur, ta riga kowa cewa albasa ce.

"Marga," in ji Persa, da muryar da ta isa maƙwabta su ji, "na faɗa miki maganar da ba ta kamata ba. Ba zancen tukunya ba, abin da na ce a kanku. Ba gaskiya ba ne, kuma da gangan na faɗa don ya yi miki ciwo. Ki yafe mini."

Marga ta dube ta, ta dubi tsummokin da ke hayaƙi a hannunta.

"Hannunki zai ƙone, tsohuwar banza. Shigo."

"Sai kin faɗa."

"Na yafe. Shigo, kina cika mini gida da sanyi."

A ciki Marga ta so ta fara nata roƙon, ta ce za ta je Sombor ta nemo sabuwar tukunya ko ta nawa ce. Persa ta ce ta bari. Wannan jar dai Marga ta riƙe ta, tunda tata ta tsage, waken kuma yau bikinsu ne, su ci. Kafin ta rufe baki Bartul ya riga ya samo cokali. Ya kai loma biyu ya ce shi tun da yake bai taɓa cin waken azumi mai daɗin wannan ba, da haka Otodoks suke yi da tuni ya koma cocinsu. Matan biyu suka ce masa ya yi shiru, a tare.

Saura abin da za a kai coci. Persa ta ce haka za ta je hannu biyu, ba wanda zai mutu. Marga ta ce ba a gabanta ba. Za ta murza taliya ta barbaɗa mata niƙaƙƙen mak, wasu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana kamar riɗi, da sukari, irin wadda suke ci a nasu jajiberen, "mu marasa azumi." Ta ce Persa ta koma ta ƙarasa burodinta, ta bar mata yarinyar ta juya injin niƙa.

Zorka ta ga bakin kakarta ya buɗe. Ta san abin da ke zuwa, domin ta sha ji: kada a sa ƙwai, kada a taɓa man shanu, a wanke katakon murji, wane kwano za a zuba. Bakin ya tsaya a buɗe na ɗan lokaci, sannan ya rufe. Persa ta ce to, ta nufi babbar ƙofa. Marga ta ce ina kuma za ki, bi ta danga mana. Persa ta ce ta sa sakata ta can ciki. Marga ta ce to sai ki zaga ki cire. Ba a jima ba suka ji bugun dutse.

Zorka ta ga komai da idonta. Marga ta ɗauki kwandon ƙwai ta fitar da shi baranda gaba ɗaya. Ta sheƙa wa katakon murji tafasasshen ruwa ta kankare shi da wuƙa. Ta buɗe sabuwar kwalbar mai, ta sauko da kwanon gilashin da ba ta ba kowa taɓawa, ta kori Bartul da cokalinsa zuwa ɗaya ɗakin. Tabarau yana kan hancinta duk tsawon aikin, ba ta cire ba. Da ta rufe ƙullun ya huta, sai ta ja Zorka tsakanin gwiwoyinta, ta tsince karan alkamar daga gashinta ta sake mata kitso. Ta ce da ta gaya mata tun farko, ai da sun san dabarar da za su yi. Zorka ta ce wace dabara. Marga ta yi tunani ta ce ita ma ba ta sani ba, amma da ba ita kaɗai za ta yi ta ramewa ba.

Rana ta yi ƙasa suka kama hanyar coci, Persa da kwanon gilashi a rufe, Zorka da rassan badnyak. Yarinyar ta shirya amsarta tsaf: kwandon ƙwai, tafasasshen ruwa, sabuwar kwalba. Jira kawai take a tambaye ta. Suka wuce famfon layi, suka wuce kanti, suka wuce makaranta. Persa ta yi zancen santsin hanya, ta ce gobe iyayenta za su kira, ta tuna ta gaishe su da "An haifi Almasihu" kafin ta fara tambayar tsaraba. Ba ta ce komai a kan taliya ba.

Ba mu da yawa a harabar coci, yawancinmu tsofaffi. Fada Arsen, wanda ƙauyuka uku ke rabawa, ya yi addu'a da sauri don wasu suna jiransa. Muka jefa rassanmu a wuta, busasshen ganyen ya kama, tartsatsi ya tashi sama, yara suka bi shi da ido. Sannan aka juya wajen dogon teburin da aka jera abinci. Stana mai kula da kyandir, wadda kowace shekara take bar wa jar tukunya tsakiyar tebur, ta dubi kwanon gilashin ta ce ina wake.

"Wakena yana cikin Bartul," in ji Persa. "Wannan girkin Marga ne."

Kusan duk matan da ke wurin akwai ranar da Persa ta taɓa ɗaga murfin kwanonsu a kan teburin nan ta tambayi da me aka soya. Stana ba da mugunta ta yi tambayar ba, an dai saba a yi ta ne, yau kuma mai yi ta yi shiru.

"Ta azumi ce dai ko? Ba ƙwai a ciki?"

Zorka ta ja numfashi za ta zuba bayani. Sai ta ji hannun kakarta a kafaɗarta, ya ɗan matsa.

"Ban tambaye ta ba," in ji Persa.

Ta yi alamar gicciye, ta ɗauki cokali mai yatsu, ta ɗiba ta ci. Fada Arsen, da bai sa komai a bakinsa ba tun safe, ya miƙo farantinsa ya ce a cika. Ni ma na ɗiba, wasu suka biyo. Stana burodi da albasa kawai ta ɗauka, Persa kuwa ba ta ko kalli farantinta ba.

Zorka ta tsaya kusa da wuta da nata rabon, baƙin mak a leɓenta, tana kallon kakarta tana taunawa a hankali. Ta fahimci cewa Kaka tana so ƙwarai ta sani, kuma amsar tana nan kusa da ita tun daga gida, amma ta zaɓi ta yarda da Teta Marga.